Hoton Kan Firmin

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe bakwai na safe

Tsohuwata ta aiko daga ƙauyenmu, Bamendjou. An tsayar da rana: Asabar, shida ga Disamba. Ranar za a yi babban makokin ɗana, a ci, a sha, a yi rawa, a shigar da shi ɗakin ƙoƙunan kai kusa da kakansa. Shekara biyu ke nan da wata guda. Da an binne shi kamar kowa, yanzu ne lokacin tono kansa. To, ba a same shi ba. Wanda ba a samu kansa ba, ƙasar inda ya faɗi ake ɗebowa a zuba a tukunya, ita ce kan. Kuma uba ne ke ɗebowa. Ta ce in kawo kafin ranar, don 'yarsa ta samu inda za ta riƙa zuba manja da gishiri idan ta girma.

Na ce wa ɗan aiken ya gaya mata zan je. Daga masana'anta zuwa tsohuwar unguwarmu minti ashirin ne a mota. Aiki ne ya yi yawa.

Ni Wafo Barthélémy, da na bar makaranta a aji uku na sakandare, na fara da akwatin buga bulo guda ɗaya da shebur na aro, yau rabin Bafoussam a cikin bulona suke kwana, ba za a aiko min da yaro ya tuna min aikin uba ba.

Talata, 4 ga Nuwamba, da rana

Wasu likitoci sun zo daga Yaoundé, sun zauna a zauren coci suna neman waɗanda aka ciro daga ƙasa a daren da tudu ya rufto wa tsohuwar unguwarmu. Wai za su ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu, su ga ko abin ya canja ta. Firmin, ɗana da ya rage, ya ba da sunansa bai shawarce ni ba. Awa tara ya yi a ƙasa, shi ya sa suka yi caraf suka rubuta shi.

Na ce masa, "Mene ne a kan naka da za su gani wanda ni ban gani ba?"

Ya ce, "Baba, jiya na bar tifa a kunne a gaban kasuwa, na hau babur na dawo gida. Sai da na ci abinci na tuna."

Na ce gajiya ce. Yaron nan shekararsa talatin da ɗaya, da can ko lungun da ya bi sau ɗaya ba ya mantawa. Uwarsa tana tsinke wake, ba ta ɗago ba, ta ce, "Tagne, ka bar shi ya je." Har yanzu Tagne take kirana, uban tagwaye, ni kuma ina kiranta Magne, uwar tagwaye. Babu wanda ya ce mana a daina.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe goma na safe

Na sa tukunya da fartanya a bayan mota na kama hanyar tsohuwar unguwa. A shataletale na ji tayar gaba tana wata ƙara. Na juyo. Mai faci ya duba ya ce lafiyarta lau. Bai san aikinsa ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, da safe

Yau ranar hani ce a ƙauyenmu, ba a taɓa ƙasa da fartanya. Ba laifina ba ne.

Talata, 11 ga Nuwamba, Yaoundé, ƙarfe biyar na yamma

Na raka Firmin. Ba don komai ba, ina da mai sayar da ƙarfe da zan gani a nan.

Likitar mace ce, Dakta Ngo Likeng, 'yar ƙabilar Bassa, gajeriya, muryarta kamar ta shugabar makaranta. Ma'aikacinta ya tambayi Firmin ko akwai ƙarfe a jikinsa, don na'urar tana jan ƙarfe. Ya ce, "Ni babu. Amma kada ku bar tsohon nan ya matso, shi gaba ɗayansa rodi ne." Suka yi dariya. Rabon da in ji ya yi tsiya irin wannan na manta.

Na'urar kamar bututun kwalbati take, fara tas, da gado da ke zamewa ciki. Suka sa masa wani keji a fuska, suka ba shi ƙwallon roba ya riƙe, wai in ya matsu ya matsa. Gadon ya shiga. Ƙafafunsa kaɗai suka rage a waje. Ƙara ta tashi kamar injin buga bulona idan bel ya saki.

Ko minti biyu bai yi ba ya matsa. Suka fito da shi, rigarsa sharkaf, bakinsa a buɗe kamar kifi. Likitar ta ce a bari, babu dole. Ya ce a'a, a sake. Ta juyo ta ce, "Baba, cire bel da agogo da makullai, ka shigo ka riƙe masa ƙafa. Wasu yana taimaka musu."

Na riƙe. Ta hagu. Minti talatin da biyar.

Ita ce ƙafar da na fara gani ranar nan da safe. Ba zan rubuta wannan ba.

Ban je wurin mai ƙarfen ba. An ba mu hotunan a babbar ambulan, ta ce bayani sai ta zo Bafoussam ranar ashirin da ɗaya.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, ƙarfe biyu na rana

Na rufe ofis na ɗaga baƙar ledar hoton a taga. Kai ne sosai. Ga ƙoƙon, zagaye, ga ramin ido, ga ƙeya mai tudu irin ta gidanmu. Na riƙe kan mahaifina da hannuna ranar da aka tono shi, na san kai idan na gan shi.

Da tagwayen suna jarirai uwarsu zare take ɗaura wa ɗaya a hannu. A makaranta ɗaya ya taɓa shan bulalar ɗaya. Hula ɗaya suke sawa, lamba ɗaya.

Na ce wa Firmin zan ajiye ambulan ɗin a ofis, gida akwai danshi.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, da safe

Shataletale. Cunkoso ya yi yawa. Na juyo.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe shida na yamma

Na je Bamendjou bayan coci. Tsohuwa tana zaune a ƙofar ɗakin ƙoƙunan, tana ɓare gyaɗa. Ba ta amsa gaisuwata ba, hannuna ta kalla.

"Ina ƙasar?"

Na ce, "Mama, na kawo abin da ya fi ƙasa."

Na zaro hoto ɗaya na ɗaga mata a rana. Ta daɗe tana kallo da idon nan nata mai yana. Ta ce, "Kan waye?"

Na ce nasa ne. Na ce lokacin da babur ya kayar da shi a Douala an ɗauka, yanzu na gano shi a cikin takardu. Babur ya taɓa kayar da shi, wannan gaskiya ne.

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ce, "Wato Turawa suna cire kan mutum tun yana tafiya da ƙafarsa?" Na ce inuwarsa ce kawai. Ta ce inuwar kai ta fi ƙasar da kowane kare ya taka. Sai ta fara yi masa magana. "Ɗan jikana, ka rame. Ina ka shiga shekara biyu? Ka bar ni da wannan ƙaton uban naka mai taurin kai." Ta lakato manja ta shafa a goshin hoton, ta barbaɗa gishiri, ta shiga da shi ciki. Na ji tana gabatar da shi ga mahaifina.

Na sha bammi kofi biyu da ƙannena. An ce na yi ƙoƙari.

Litinin, 17 ga Nuwamba, da rana

Na ci tuwon gwaza kwano biyu. An gama magana.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe takwas na safe

Firmin bai fito aiki ba. Ciwon kai. Ya ce goshinsa ne ke masa nauyi.

Sauro ne. Ko'ina sauro.

Laraba, 19 ga Nuwamba, da yamma

Har yanzu goshin. Magne ta ce, "Tagne, ina ambulan ɗin yaron nan? Jibi likita za ta zo." Na ce tana ofis. Na kawo. Hotuna biyar ne a ciki maimakon shida, babu wanda ya ƙirga.

Ni lafiyata ƙalau. Na yi wa masu loda faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ɗaya ya ajiye aiki. Ya tafi, ga wasu nan a bakin ƙofa suna jira.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, ƙarfe huɗu na yamma

Zauren coci. Mutum goma sha tara suka zo, duk 'yan tsohuwar unguwa. Na zauna a baya, ban son gaisuwa. Kowa aka kira shi daban bayan labule.

Ta buɗe kwamfuta ta nuna mana. Ta ce babu ƙari, babu jini, babu tsagewa. Sai ta nuna wani ɗan abu a can ciki, lanƙwasasshe kamar ƙaramar ayaba, ɗaya dama ɗaya hagu. Ta ce nan ne mutum ke ajiye abin da ya faru jiya da hanyar da ya bi. Ta ce idan suka haɗa hotunan waɗanda suka daɗe a ƙasa, suka kwatanta da na waɗanda abin bai shafa ba, sukan ga wurin nan ya ɗan tsuke, musamman ga marasa barci. Na Firmin yana cikin masu ƙanƙanta. Ta ce da hoto ɗaya ba za ta rantse ba, tunda ba ta ga yadda yake a da ba.

Firmin ya ce, "Wato ba lalaci ba ne, Dakta? Faɗa da ƙarfi, kunnen tsohon nan siminti ya toshe shi."

Ta ce ba lalaci ba ne, ba hauka ba ne. Ta ce da magani da barci da zaman magana, mutane da yawa suna samun sauƙi. Ciwon goshin kuma ta ce rashin barci ne.

Da ya fita karɓar takardar magani na tsaya. Na ce ina da tambaya, ta wani abokina ce. Tagwaye masu kama ɗaya, kansu ɗaya ne a hoto?

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Suna kama sosai, Baba. Amma kai ba bulo ba ne da za a buga biyu a akwati ɗaya su zauna haka. Abin da mutum ya gani yana taɓa shi. Wannan da na nuna maka, kan wanda ya kwana a ƙasa ya fito ne, ya yi shekara biyu yana ɗauke da abin. Ba na kowa ba ne sai shi."

Na ce abokina zai ji.

Ta ce, "Kai fa? Muna ɗaukar na waɗanda suka yi tono ma."

Na ce ni ƙasa ba ta rufe ni ba. Ta ce ta sani. Ta rubuta lambarta ta ba ni. 'Yan Bassa ba su da ta ido.

Asabar, 22 ga Nuwamba, da safe

Zan je in karɓo hoton ranar Litinin. Zan san abin da zan ce wa tsohuwa.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe uku na rana

Ban je ba. Magne ce ta aiki Firmin ƙauye da kwanon rufi na rumfar baƙi, ban sani ba sai da ya dawo.

Ya shigo ofis bai ƙwanƙwasa ba. Ya rufe ƙofa. Bai zauna ba.

"Kaka ta ce in zo in gaida ɗan'uwana."

Na ajiye biron da ke hannuna.

"Ta fito da shi a cikin ganyen ayaba. Duk manja. Baba, ita ba ta iya karatu ba, amma ni na iya. Sunana yana kusurwa. Wafo Firmin, sha ɗaya ga Nuwamba. Na durƙusa na gaida kaina."

Na ce masa ya saurara, abin na ɗan lokaci ne, kafin aiki ya yi sauƙi.

"Kwana takwas ina cikin matattu ana ba ni gishiri. Kai ka riƙe min ƙafa a asibiti. Na ɗauka..." Bai ƙarasa ba. Ya ce, "Ka ciro ni sau ɗaya, ka mayar da ni da hannunka. In shi kake so ya fito ni in zauna, ai sai ka faɗa tun ranar."

Na ɗaga murya. Na ce da wa yake magana? Na ce duk abin da ke jikinsa, daga takalmi har sunan da ya karanta, gumina ne. Ya ajiye makullin tifa a kan tebur, a hankali, ya fita.

Bai gaya wa tsohuwa ba. Ya ce da uwarsa wannan aikina ne.

Talata, 25 ga Nuwamba, da rana

Ya kwashe kayansa. Yana ɗakin wani abokinsa a bayan tasha, wai Douala zai tafi farkon wata, ba zai tsaya makoki ba. Magne ta ajiye min abinci ta ce, "Ga shi, Barthélémy."

Barthélémy.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe biyar na yamma

An yi yayyafi, na ƙarshen damina. Na tsaya a ƙarƙashin rumfa har ya ɗauke. Ma'aikata suna kallona.

Ni na yanke gindin tudun. Fili nake so a bayan gida, in yi wa tagwayen ɗaki biyu-biyu, kowa da iyalinsa, a ce ga gidan Tagne Wafo. Na kawo katafila ta ci tudun kamu goma sha biyu. Ɗayan, wanda ba a samu ba, ya ce min, "Baba, a yi katangar tare ƙasa tukuna." Na ce tun kafin a haife shi nake gini, ba shi zai koya min ba. Na ce bayan damina.

Mutane sun ce ruwan da aka yi ko dutse ne sai ya sauko, gidaje ashirin suka tafi, ba nawa kaɗai ba. Haka ne. Amma a ɗakunan baya yarana suke kwana.

Landry. Sunansa Landry.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, da yamma

Bamendjou. Na gaya mata a tsaye, ta ce in durƙusa in sake faɗa. Na durƙusa, da wandona na fita.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Na haifi ɓarawo, kuma a gidan ubansa ya yi satar." Ta shiga ta fito da hoton, ta goge manjan da ganyen salama, wanda muke roƙon magabata da shi, tana ba mahaifina haƙuri, tana cewa kuskure aka yi, wannan yaron ba naku ba ne tukuna, ku sake shi. Ta ce in kawo Firmin ta wanke masa kai da hannunta.

Na ce ba ya magana da ni.

Ta ce, "Da ni ce shi, ko kallonka ba zan yi ba. Wafo, tsoron me kake? Ƙasa ce. Kai da kake sayar da ita a tifa."

Na ce ba tsoro ba ne.

Ta ce, "To tashi min daga ƙofa."

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe tara na safe

Shataletale. Na zagaya shi sau huɗu. Hannuwana suka ƙi juya sitiyari dama. Wani ɗan acaba ya ce, "Tsoho, in rawa kake so ka jira Disamba!" Na faka na yi amai a kwata.

Babu abin da ya samu tayar.

Litinin, 1 ga Disamba, ƙarfe shida na yamma

Na samu Firmin a bayan tasha da safe, yana wanke fuska a bakin famfo, jakarsa a ɗaure. Na miƙa masa hoton. Ya duba kusurwar, ya sa a jaka.

Na ce, "Ba na iya wuce shataletale."

Ya ce, "Me?"

Na ce, "Ka ji ni. Shekara biyu. Hannuna ba ya yarda. Ka tuƙa ni." A gaban masu sayar da burodi na faɗa, da 'yan kamasho, kowa yana ji.

Ya daɗe yana goge fuska da tawul. Ya ce, "Ba don kai ba." Ya karɓi makulli.

Na rufe ido tun daga gidan mai har sai da na ji ya ja birki.

Ban gane wurin ba. Ni da na kafa kowane turke na gidan nan da igiyar awo. Babu titi, babu mangwaron ƙofa, gangare ne kawai ja, wata mata ta shuka wake a kansa, har ya yi fure. Ta taso da masifa, ta ga tukunya a hannuna, ta koma gefe ta cire ɗankwalinta ta riƙe.

Na yi gabas, na yi yamma. Na ce ina jin nan ne falo. Firmin ya ce, "A'a." Mutumin da ke manta tifa a kasuwa. Ya hau sama kaɗan, ya tsaya, ya juya kunnensa wajen cocin da ke ƙasan kwari. Ya matsa taku biyar. Ya kwanta a cikin waken, rigingine, ya rufe ido.

"Nan nake. Ƙararrawar asuba ta wannan kunnen ta shigo." Ya miƙa hannun hagu iya tsawonsa, ya dafa ƙasa. "Shi yana nan. Ƙasa da ni. Bango ne a tsakaninmu."

Na ce yaya aka yi ya sani.

Ya ce, "Muna magana."

Ban taɓa tambayarsa ba. Shekara biyu muna cin abinci a tebur ɗaya. Na ɗauka nan take abin ya faru, haka na gaya wa uwarsu, haka na gaya wa kaina.

"Har yaushe?"

"Har bayan ƙararrawa. Da farko zagina yake, wai ni na ci masa koki, alalen waken da ya ajiye. Ya ce in muka fita tsohon nan mu zai sa mu kwashe ƙasar nan duka da shebur, ko ruwa ba zai saya mana ba."

Na durƙusa kusa da hannunsa. Na ce, "Ya ambaci katangar?"

Ya buɗe ido yana kallon sama. Ya ce, "Can ƙarshe ya ce in gaya maka wani abu. Ya maimaita sau biyu, ya sa na rantse. Baba, na manta. Na tuna koki, na tuna shebur. Wannan kullum ina nemansa, babu. Shi ya sa na shiga na'urarsu. Na ɗauka za su gan shi a ciki."

Sai ya fara neman gafarata. Shi. Yana kwance a wurin nan yana ce min in yafe masa.

Na ce ya rufe bakinsa. Na ce saƙon nawa ne, ba nasa ba, kuma na karɓa, ko mene ne. In zagi ne na karɓa. Na sa hannu a ƙarƙashin ƙeyarsa na ɗaga shi zaune, na kakkaɓe masa jar ƙasar daga gashi.

Fartanyar tana mota, ban koma ɗauko ta ba. Na tona da yatsu daidai inda tafinsa ya bar alama. Ƙasar da sanyi. Firmin ya riƙe tukunyar, ni ina zubawa, har ta cika ta fara zubewa, ya ce, "Baba, ya isa." Na ƙara hannu ɗaya.